Ba Mu Ga Gardi Ba

Shida saura kwata, Duluth na cikin duhu,
iskar tafki na yankar kunne,
ni ke buɗe ƙofar gidan raino
da makullin da sanyi ya liƙe wa yatsa.
Nawa ɗan, Anselm, na baro shi yana barci
wajen surukina mai ji da kunne ɗaya,
don kuɗin yininsa a ɗakin da nake aiki
zai lashe fiye da rabin gumina na yini.

Yara takwas, mu biyu.
Na san wadda ba ta barci sai an shafa mata gira,
na san mai ɓoye wake a cikin safa,
na san kukan yunwa, na san na neman rigima,
na san wanda ba shi da suna, sai dai runguma.
Ingrith ta yi takun farko a gabana ran Talata,
na haɗiye guɗata.
Ran Asabar uwarta ta aiko hoto: "Yau ta taka!"
Na ce, "Barka, barka."
Wannan ma aiki ne, ba ya cikin takardar albashi.

Delphine ta bar mu watan jiya,
ta koma kantin tayoyi, ƙarin dala uku a awa.
Taya ba ta amai, taya ba ta cizo.
Har yau ƙarfe takwas Tobiah na manne da taga,
duk jar motar da ta gifta sai ya ce, "Fin."

Ran Alhamis Marisela, uwar Ingrith,
mai wankan tsofaffi a can bayan asibiti,
ta makara minti goma sha ɗaya.
Tara: kowane minti dala.
Ta yi mini kallon mai ci da gumin wani,
ta zaro takardar biyan wata
ta dangwarar kan teburin sauya kunzugu.
Ban ce uffan ba.
Na zaro tawa ta albashi na shimfiɗa a gefe.
Muka sunkuya kai da kai,
Ingrith na kwance mini igiyar takalmi.
Abin da take biya ya haura hayar gidanta.
Abin da ake biya na, haya ta ci, mai ya suɗe.

An ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
To, ga kuraye biyu. Ina gardin?
Muka leƙa ofis: Madam Halvorsen,
tabarau a goshi, shayi ya huce,
tana tara inshora kan madara kan kuɗin ɗumama ɗaki,
wata na uku ke nan ba ta biya kanta ba.
Babu gardi.
Bargo ne gajere aka miƙa wa mutum uku:
in na rufe kai, ƙafar Marisela a waje.

Kan hanyar gida gada ta ɗaga wa jirgin tama,
muka jeru muna jira.
Ba a ƙwanƙwasa wa kowa gilashi
an ce ya biya kuɗin ƙarfenta shi kaɗai ba.
Motar kwashe ƙanƙara ma, da asuba,
ba ta tambayar layinmu nawa muke da shi.
Ɗan shekara biyar, gari ya san da zamansa,
ga aji, ga allo, ga motar makaranta.
Ɗan wata goma fa?
Na uwarsa ne, ta ji da shi.

Laraba za mu majalisar jiha.
Marisela ce direba, Delphine ta yi musayar aiki.
An ce kowa minti biyu.
Ya ishe ni: cikin minti biyu nake sauya kunzugu,
in share hanci, in raba faɗa da ƙafa.
Yaran kuwa da su za mu, wa za mu bar wa?

In Tobiah ya ɓarke da kuka a tsakiyar zaure,
karon farko cikin shekara tara,
zan naɗe hannuwana.
Su ji.